Takardun ɗakin Alƙahira, Yahudawan Tuwat da Shehu Magili

Malam Sabi'u: Assalamu alaikum 'yan zaure. Hajiya Rabi ta ce kowa ya kawo abin da ya karanta a hutun nan, to ni nawa ga shi. Wata biyu kenan ina kan littafin wata malamar jami'ar Princeton mai suna Marina Rustow, The Lost Archive, ya fito 2020. A kan tarin takardun nan ne da aka samu a majami'ar Yahudawa ta Ben Ezra da ke Fustat, wato tsohuwar Alƙahira. Su Yahudawa suna da al'ada, takardar da ake zaton akwai sunan Allah a jiki ba a jefa ta a bola, sai a ajiye ta a wani ɗaki da suke kira geniza kafin a binne. To mutanen Fustat sai suka yi ta zubawa ba sa kwashewa, kusan shekara dubu, kuma ba littafan addini kaɗai ba, har da wasiƙun fatake da takardun aure da saki da rasit na bashi da rubutun yara masu koyon baƙi, gutsattsari wajen dubu 400 in an haɗa duka. A 1896 wasu tagwaye mata 'yan Sikotilan suka nuna wa wani malami a Cambridge, Solomon Schechter, wani shafi da suka sayo a Masar, ya tashi ya tafi Alƙahira ya kwaso kusan dubu 190 zuwa Ingila.

Malam Sabi'u: Abin da ya riƙe ni shi ne ita wannan matar ba rubutun Yahudawan ta fi kallo ba, bayan takardar ta juya. Ashe da yawa tsoffin takardun gwamnatin Fatimiyya ne, waɗanda suka mulki Masar daga 969 zuwa 1171, umarnin halifa da koken talakawa da takardun haraji da Larabci, in an gama da su sai a yayyanka su shiga hannun mutane a matsayin takardar rubutu, Bayahude ya samu ya yi nasa rubutun a baya. An daɗe ana cewa wai daulolin Musulmi na da ba su ajiye kundin mulki kamar na Turawa, ita kuma ta nuna tsarin ofis ne cikakke, da magatakarda da rajista da komai. Wato tarihin mulkinmu ya tsira ne a ɗakin ajiyar Yahudawa. Ni wannan abin ya tsaya min a rai wallahi.

Ummi: Wa alaikumus salam Malam. Kai wannan al'adar ai irin tamu ce sak, kakata in ta ga takarda mai rubutun Larabci a ƙasa sai ta ɗauka ta cusa a tsagar bango, ko da takardar shayi ce, ba ta yarda a taka.

Malam Sabi'u: Haka ne Ummi. Kuma ƙari, yawancin wasiƙun nan Larabci ne amma da haruffan Ibrananci, kamar dai yadda kakanninmu suka rubuta Hausa da ajami. Musa bin Maimun, babban malaminsu da aka haifa a Kurɗuba ya rasu a Fustat 1204, da irin wannan rubutun ya yi littafinsa Dalalatul Ha'irin, kuma an samu rubutun hannunsa a ɗakin.

Abba Gwale: Allah ya gafarta Malam, da girmamawa nake magana amma gsky ni abin bai kwanta min ba. A wannan lokacin da kullum muke ganin gawarwakin yara a Gaza a waya, mu kuma mu zauna a zaure muna yabon littafan Yahudawa? littafan tarihin Falasɗinu sun ƙare ne? ni a ganina ko don tausaya wa 'yan'uwanmu sai a jinkirta wannan

Hajiya Rabi: Abba ka faɗi ra'ayinka kuma an ji, zaure na kowa ne. Amma a yi a hankali dan Allah, kar a fita daga maganar littafi. Malam bismillah.

Malam Sabi'u: Abba ɗana, zafin da kake ji ni ma ina jinsa, ba na iya kallon bidiyon nan har ƙarshe. Amma gwamnatin Isra'ila da sojanta daban, wani bafatake da ya rubuta wa matarsa wasiƙa daga Aden shekara 900 da suka wuce yana cewa ta yi haƙuri jirgi bai samu iska ba daban. Alƙur'ani kansa cike yake da labarin Bani Isra'ila, kuma a Bukhari ka san Manzon Allah SAW ya bar duniya sulkensa na jingine a wurin wani Bayahude kan sha'ir da ya karɓa don iyalinsa. Mutanen da tarihinsu ya cuɗanya da namu haka, in ba mu karanta ba sai wani ya zo ya ba mu labarin yadda ya ga dama. Kuma watan jiya ai tarihin Falasɗinu muka yi a nan, kai ka fi kowa magana.

Abba Gwale: Na ji Malam, amma har yanzu ina nan a kan bakana cewa lokacin bai dace ba. zan dai bi ku in ji

Dakta Nafisa: Abba in akwai littafin da zan ce kai musamman ka nema to na Avi Shlaim ne, Three Worlds, 2023. Farfesa ne mai ritaya a Oxford, Bayahude, kuma yana cikin masu sukar Isra'ila da kakkausar murya tun da daɗewa. An haife shi a Bagadaza 1945, suka bar ƙasar 1950 yana ɗan shekara 5. Yana kiran kansa Balarabe Bayahude, ya ce a gidansu Larabci ake yi, abincin Iraƙi ake ci, waƙar Larabawa ake ji, babansu attajiri ne mai mutunci a gari. Da suka je Isra'ila sai uban ya zama ba kowa ba, bai iya Ibrananci sosai ba, bai sake tsayawa da ƙafarsa ba. Wurin da ya sa ni hawaye shi ne inda yake cewa in babansa ya yi masa Larabci a titi gaban abokansa kunya ce take kama shi, don a can ana ganin Larabci yaren abokan gaba ne. Ka duba fa, yaro yana jin kunyar harshen ubansa.

Ummi: Subhanallah. Anti to me ya fitar da su tun farko, korarsu aka yi?

Dakta Nafisa: Abin a cakuɗe yake Ummi. Yahudawa sun fi shekara 2500 a Iraƙi, a farkon ƙarni na 20 wajen kashi ɗaya cikin uku na mutanen Bagadaza su ne, ministan kuɗi na farko na ƙasar ma Sassoon Eskell Bayahude ne. Sai a Yunin 1941 aka yi tarzomar da ake kira Farhud, kwana 2, aka kashe kusan mutum 180 aka wawashe gidaje da shaguna, a nan tsoro ya fara shiga. Bayan yaƙin 1948 sai gwamnati ta matsa musu, ana korarsu daga aiki, a 1950 ta yi dokar duk mai son tafiya ya ajiye shaidar zama ɗan ƙasa ya tafi, a 1951 kuma ta ƙwace dukiyar waɗanda suka yi rajista. Wajen mutum dubu 120 suka fita cikin ɗan lokaci. A tsakanin nan an tayar da bama-bamai a wuraren Yahudawa a Bagadaza, shi Shlaim ya ce yana da hujjar cewa 'yan ƙungiyar Sahyoniyya na ɓoye suna da hannu a wasu daga ciki don a tsorata mutane su yi hijira, amma wasu masana tarihi sun ce hujjar tasa ba ta kai ba, har yanzu ana ta ja a kai.

Abba Gwale: To kun gani! su da kansu suka tayar da bam ɗin

Dakta Nafisa: A'a Abba kar ka ɗauki guda ka bar saura. Ko shi marubucin bai wanke gwamnatin Iraƙi ba, kuma Farhud ba Sahyoniyawa suka yi ba, mutanen gari ne da wasu sojoji, kamar yadda wasu maƙwabta Musulmi kuma suka ɓoye Yahudawa a gidajensu suka tsaya a bakin ƙofa. Duka biyun sun faru. Ka karanta shi gaba ɗaya sannan mu yi magana.

Isufu Damagaram: Salamu alaikum, ina gaida manya. Ni abin da nike son in ƙara, akwai wani malami ɗan Maroko Musulmi, Aomar Boum, yana koyarwa a Amurka, ɗan kudancin ƙasar ne bakin hamada. Ya yi littafi a 2013 kan yadda Musulmin Maroko suke tuna maƙwabtansu Yahudawa da suka tashi, tsofaffi suna tuna su da suna da sana'a, matasa kuma ba su taɓa ganin Bayahude ba sai a telebijin. Ƙasar da ta taɓa samun Yahudawa wajen dubu 250, yanzu ƴan dubbai kaɗan suka rage. Sannan a 2023 ya fitar da wani mai zane-zane, Undesirables, kan sansanonin aikin tilas da gwamnatin Vichy ta Faransa ta kafa a hamadar Aljeriya da Maroko lokacin yaƙin duniya na biyu. Abin da ya taɓa ni, layin dogon da aka sa fursunonin nan ginawa, Yahudawan da suka gudo daga Turai da ƴan Sifaniya da sauransu, sunansa Mediterane-Nijar, nufinsu ya ratsa hamada ya iso kogin Isa, wato Kwara. Bai yi nisa da garin Bashar na Aljeriya ba aka watsar da shi. Mu a lakwal an koya mana aikin tilas na zamanin Faransa amma ba a taɓa ce mana ga waɗanda suka mutu suna gina hanyar da za ta zo wajenmu ba.

Malam Sabi'u: Madalla Isufu. To tunda ka kawo mu hamada bari in faɗi abin da tun farko nake son zuwa gare shi, ina ta jinkiri don na san zai taɓa wasu. Akwai ɗan ƙaramin littafi na John Hunwick, wanda ya daɗe yana koyarwa a Ibadan da Legon ta Ghana, Jews of a Saharan Oasis, 2006. Ba sabo ba ne sosai amma shi ya fi kusa da mu. Labarin Yahudawan Tamantit ne a yankin Tuwat, kudancin Aljeriya ta yau, zangon ayarin da ke zuwa Tumbuktu da ƙasar Hausa. Wani bafataken Italiya Antonio Malfante ya rubuto wasiƙa daga can a 1447 yana cewa Yahudawa suna da yawa kuma suna zaune lafiya ƙarƙashin kariyar manyan gari, ciniki da yawa ta hannunsu yake bi. Wanda ya tayar da maganar rushe majami'arsu wajajen 1492 har aka rushe aka kashe wasu sauran suka watse, shi ne Shehu Muhammadu bin Abdulkarim Al-Magili. Shi dai wannan Magilin namu da ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ya rubuta masa littafin yadda ake mulki.

Ummi: Innalillahi, Malam Magilin Sharifai?? wlh ban taɓa ji ba

Sharu Auwalu: Malam Sabi'u ina jinka tun ɗazu ban sa baki ba amma nan dole in yi magana. Shehu Magili ba ɗan tarzoma ba ne, babban malamin Malikiyya ne daga Tilimsan, Mujaddadi Shehu Usmanu kansa yana kafa hujja da maganganunsa. Abin da ya yi a Tuwat a kan hujjar fiƙihu ya yi, shi a ganinsa sun karya sharaɗin zimma, ba sa biyan jiziya yadda shari'a ta tsara, sun shige jikin masu mulki sun fi ƙarfin hukunci, kuma bai halatta majami'a ta tsaya a garin da Musulmi suka kafa ba. Ba daidai ba ne mu ɗauki ma'aunin yau da littafin Bature mu yanke wa waliyyi hukunci, ku yi hattara da naman malamai

Malam Sabi'u: Sharu Allah ya ƙara girma, ban zagi Shehu ba kuma ba zan zage shi ba, wasiyyarsa ga Rumfa ina karantar da ita duk shekara. Amma ba ma'aunin yau na ɗauko ba, na zamaninsa ne. Alƙalin Tuwat na lokacin, Abdullahi Al-Asnuni, shi ya fara cewa a'a, majami'ar nan tsohuwa ce an same ta a nan, mutanen nan suna da amana a wuyanmu. Aka aika neman fatawa Fas da Tilimsan da Tunis, malamai suka rabu, At-Tanasi ya goyi bayan Magili, Ibn Zakri muftin Tilimsan ya ce kar a rushe. Kuma ba Bature ya ƙirƙiro ba, Al-Wansharisi ne ya tattara fatawoyin a Mi'iyar, littafin da ke cikin ɗakin karatun manyan malamanmu, Hunwick fassarawa ya yi ya jera. Ni in aka ce in zaɓa to ina bayan alƙali, don an zubar da jinin mutanen da aka ba amana, kuma ina ganin faɗin haka bai fitar da ni daga ladabi ba tunda malaman Malikiyya ne suka riga ni faɗa.

Sharu Auwalu: Saɓanin malamai na yarda akwai shi. Amma ka faɗi cikon labarin, ai an kashe masa ɗa a Tuwat

Malam Sabi'u: An kashe, yana Gao wurin Askiya Muhammadu labari ya same shi, har ya nemi a kama mutanen Tuwat da ke garin, aka ce alƙali Mahmud bin Umar na Tumbuktu ya sa baki aka sake su don ba su da laifi. Amma wannan bayan rushewar ne Sharu, ba shi ya jawo ta ba. Kuma daga nan Askiya ya hana Yahudawa shiga ƙasarsa, matafiyi Hasan Al-Wazzan da ya zo Tumbuktu bayan 'yan shekaru ya rubuta haka. Abin lura kuma, a wannan shekarar ta 1492 sarakunan Kirista suka kori Yahudawa daga Andalus, Sarkin Musulmi Bayazid na biyu na Daular Usmaniyya ya buɗe musu ƙofa suka cika Salonika da Santambul.

Sharu Auwalu: Zan nemi Mi'iyar ɗin in gani da idona, akwai shi a wurin kawuna. Kafin nan ban sauka daga matsayina ba.

Hajiya Rabi: Haka ake so Sharu, in ka samu ka ɗauko mana hoton shafukan. Yanzu masu ƙagaggun labarai fa? Maman Hanif tun safe kike cewa kina da naki.

Maman Hanif: Hajiya ina nan, girki ne ya riƙe ni. Ni tarihi zalla yana min nauyi, labari nake so. Wanda na gama shi ne na James McBride, The Heaven & Earth Grocery Store, 2023, shi baƙar fatar Amurka ne amma mahaifiyarsa Bayahudiya ce 'yar malamin Yahudawa. Labarin wata unguwar talakawa ce a Pennsylvania wajen 1930 da wani abu, baƙaƙe da Yahudawa 'yan ci-rani suna zaune tare don duk cikin gari ba a son su. Akwai wata Chona mai kanti, tana da lalurar ƙafa, kowa ya zo sai ta ba shi bashi ba ta tambaya, mijinta ya yi ya yi su koma unguwar masu kuɗi ta ƙi, sai aka kawo mata wani yaro baƙi kurma ta ɓoye shi kar hukuma ta kai shi gidan da ake tsare masu lalura. Wallahi tun da na fara nake ganin wata tsohuwa mai saida kayan miya a layinmu da, ita ma littafin bashinta ya fi cinikinta kauri. Mutane sun yi yawa a littafin, farkon sai kin daure, amma daga tsakiya ba za ki ajiye ba.

Dakta Nafisa: Na karanta shi, ƙarshen ya ɗan yi min zaƙi da yawa amma Chona kam ba a manta ta. Ni wanda ya gagare ni sau biyu kafin na gama shi ne The Books of Jacob na Olga Tokarczuk, 'yar Poland mai kyautar Nobel, ita ba Bayahudiya ba ce. Shafi sama da 900, kuma lambar shafukan daga baya take farawa tana raguwa, don girmama littafan Ibrananci da ake buɗewa ta dama irin namu. A kan Jacob Frank ne, mutum ne na gaske, ya yi da'awar shi ne mai ceton da Yahudawa ke jira, ya musulunta a ƙasar Usmaniyya, ya dawo Poland ya shiga Katolika da mabiyansa a 1759, cocin ta tsare shi shekara 13, ya mutu a Jamus 1791. Abin da ya kama ni ba shi ba ne, mabiyan ne, talakawa da aka gallaza wa har suka sayar da komai suka miƙa masa kansu da matansu. Duk wanda ya san yadda mutane ke bin mai da'awar Mahadi zai gane su. Amma akwai wuraren da ba na yara ba ne, a sani.

Ummi: Anti shafi 900 kuma da wannan tsadar dala, a ina za mu samu

Dakta Nafisa: Nawa yana nan, duk wanda ke Zariya ya zo ya ara, na Shlaim ma haka, sharaɗi dai a dawo min da shi ba a naɗe kunnen shafi ba.

Malam Sabi'u: Su kuma takardun geniza Cambridge ta sa hotunansu da yawa a intanet kyauta, Princeton ma tana da rumbunsu da fassarar wasu. Masu Larabci ku gwada, haruffan Ibrananci 22 ne kacal, na koye su cikin sati biyu, ranar da na fara haɗa baƙi na ji kalmar Larabci ta fito daga ciki sai da na tashi tsaye.

Abba Gwale: Dakta ni ina Kano amma ƙanina yana Samaru, zai zo ya karɓar min na Shlaim ɗin ranar Asabar in Allah ya kai mu. ba wai na canza ra'ayi ba ne kan lokacin, ina so in ga maganar bam ɗin da kaina

Isufu Damagaram: Malam Sabi'u tambaya ɗaya kafin a tashi, waɗanda suka watse daga Tamantit ɗin ina suka nufa? akwai wanda ya gangaro wajenmu?

Malam Sabi'u: Wasu arewa suka yi, wasu suka musulunta suka zauna. Ta kudu kuma abin da ke rubuce sosai na baya ne, wajen 1860 wani malaminsu Mordechai Abi Serour daga Akka ta Maroko ya zauna a Tumbuktu yana fatauci da 'yan'uwansa, kuma wani masani ɗan Tumbuktu Ismael Diadié Haidara ya yi littafi da Faransanci a 1999 kan Yahudawan garin da zuriyar da ake dangantawa da su. Kai da kake jin Faransanci kai za ka karanto mana shi.

Isufu Damagaram: To Malam, zan sa a duba min a Yamai.

Hajiya Rabi: Shi kenan. Wata mai zuwa Sharu da Malam Sabi'u za su kawo mana fatawoyin Tuwat, kowa ya karanto ɓangarensa da Larabci da fassara, Isufu kuma in littafin ya samu sai mu sa shi bayan sallah. Ummi ki rubuta sunayen masu aron littafi wurin Dakta kar a rikice.